Ratar Yatsu Uku

Kwalin ya iso gidan ranar Laraba da hantsi, a bayan motar Kawu. Shekara biyu ya yi a saman sif ɗinsa. Kawu ya sayo shi ne lokacin da sha'awar abin ta kama shi, da ya buɗe ya ga guntayen farar roba sun haura hamsin, sai ya rufe, ya ce sai ya samu hutu.

"Har yau hutun bai zo ba," in ji shi, yana dire kwalin a tsakiyar falo. "Ga sulke nan, ga kwalkwali. In kin haɗa shi, ni ma ki ara min in je ofis."

Yaya ta yi murmushi kawai. Shekararta goma sha bakwai, kuma kowa a gidan ya san ta fi sakewa da littafi a kan mutum. Ko aike aka yi mata kanti, sai ta bita maganar sau uku a hanya, ta isa tana cin farce.

Dalilin kwalin kuwa, Auta ce. Mako uku ke nan ƙanwar tata tana kwance a asibiti, ƙashin cinyarta da ya karye ya ƙi haɗuwa daidai, likita ya ce ranar Litinin da safe za a yi mata aiki. Kullum da yamma Yaya takan zauna bakin gadon ta ba ta labarin da ta ƙirƙiro, na wani Farin Barde da ba ya magana, aikinsa raka yara duk inda suke tsoron shiga. Rannan Auta ta katse labarin, ta dube ta da idon 'yar shekara bakwai da ta fara gano manya.

"In da gaske akwai shi, ya zo ya raka ni ranar Litinin."

Bakin Yaya ya riga hankalinta. "Zai zo," ta ce.

Umma ce ta je ta roƙi babbar nas. Matar ta yi dariya ta amince, amma da sharaɗi: daga ɗakin yara zuwa ƙofar tiyata kawai, a goge kayan tas, kuma duk hannun da zai taɓa yarinya sai an wanke shi, babu safar hannu. Wannan na ƙarshen bai dami Yaya ba. Barden nata tafiya kawai zai yi a gefen gado, ba zai taɓa kowa ba.

Da Baba ya dawo daga gareji ya tarar da falonsa ya zama kamar an rushe firij, sai ya tsuguna ya ɗauki ƙirjin sulken, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara a kunne. Shekara talatin yana gyaran jikin mota. Mota za ta zo masa a lotse kamar gwangwanin madara, ta fita kamar ba ta taɓa ganin hanya ba.

"Uwata, wannan ai bamba ce aka yanka gunduwa-gunduwa," ya ce. "Kawo min reza da sanfefa."

Suka raba aiki ba tare da sun yi shawara ba. Yaya ta ɗauki ɗan littafin bayani ta karanta shi sau uku, ta jera guntayen a kan tabarma, dama daban, hagu daban, ta rubuta wa kowanne suna da fensir ta ciki. Baba bai ko kalli littafin ba. Kowane gunki ya zo da leɓe na rarar roba a gefensa. Sai ya ja reza a kan layin sau biyu, ya lanƙwasa, rarar ta ɓalle ƙas, ya bi bakin da sanfefa har sai ya goga a kumatunsa bai ji kaushi ba. Rabi da rabi na ƙwauri kuwa, sai a shafa gam a siririn ƙyallen roba a manna ta ciki, a danne da maƙalan shanyar Umma har ya bushe. Kwana biyu wanki yana tashi daga igiya yana faɗawa gidan maƙwabta.

"Malam, in yaƙin ya ƙare a dawo min da sojojina," in ji Umma daga ƙofar kicin, tana toshe hanci saboda warin gam.

Ranar Juma'a aka zo gwaji. An yi sulken ne don ƙato, Yaya kuwa 'yar siririya ce, don haka kowane gunki sai an rage masa tsawo. Ta sa baƙar riga mai dogon hannu da baƙin wando, ta tsaya a tsakiyar falo. Baba ya ɗora mata cinya da ƙwauri, ya liƙe da salatif, ya ja baya yana kanne ido ɗaya.

"Kar ki motsa. Mota ma sai an kashe ta ake auna ta."

A shafi na tara na littafin akwai zanen gwiwa da gwiwar hannu, an rubuta a ƙasa cewa a bar ratar yatsu uku tsakanin gunki da gunki. Yaya ta haddace shafin. Ta buɗe baki a hankali.

"Baba, sun ce wai a bar rata."

"Rata?" Ya ɗago kamar an zagi sana'arsa. "Shekara talatin ina rufe rata, yau takarda za ta ce in buɗe? Ni ƙofar mota in na gama ta, farcena nake bi da shi. In ya shige, ban gama ba. Masu rubuta wannan ganda ce ke damunsu."

Yaya ta bar maganar. Ba ta saba musu da Baba ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta, wadda ba ta faɗa wa kowa ba: maganar tasa ta yi mata daɗi. Tun da ta ga zanen take tunanin baƙin yadin da zai leƙo ta ratar, da siririn hannunta da Auta ta sani kamar tafin nata. In babu rata, babu ta inda za a gan ta. Za ta ratsa asibiti cike da mutane, ba wanda zai san ita ce.

Haka Baba ya yanka kowane gunki baki ya sumbaci baki. Safar hannun da ta zo a kwalin ta narke ta manne da kanta saboda daɗewa, sai ya tattara rarar roba, ya tausasa ta a ruwan zafi, ya lanƙwasa ta a jikin kwalba, ya yi mata marufi tun daga wuyan hannu har kan yatsu. Ya fi na zanen kyau nesa ba kusa ba.

Ranar Lahadi bayan azahar aka gama. Suka shirya ta tun daga ƙafa, ana ɗaura igiyoyin roba ta ciki, ana danna maɓallai. Ta shafa wa tabaranta sabulu ta goge don kada numfashi ya rufe su, Baba ya kifa mata kwalkwali. Ta dubi madubin sif. Babu Yaya a wurin ko kaɗan. Wani fari ne sol, dogo, mai sheƙi, wanda bai taɓa jin kunyar kowa ba.

Baba ya bi gwiwar da farcen babban yatsa. Bai shige ba. Ya gyaɗa kai.

Umma, da ta dawo daga asibiti ta bar ƙanwarta tana jinyar Auta a can, ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo 'yar kujerar tsuguno ta zauna, ta miƙa hannu sama.

"To, ni ce Auta. Barde, kama hannuna."

"Ai raka ta kawai zai yi," in ji Yaya, muryarta na fitowa kamar daga cikin tulu.

"Ke kin taɓa ganin an yi wa yarinyar nan ko allura ba ta riƙe hannun wani ba? Mun ce mata gobe makaranta za ki tafi. Ni kuma ta ce ba ta son in bi ta ina kuka. Hannun wa za ta riƙe?"

Yaya ta yi niyyar miƙa hannu. Gwiwar hannun ta tafi kamar faɗin yatsa ɗaya ta cije. Ta gwada rusunawa, bakin cinya ya daki bakin ƙwauri, ya kama fatar bayan gwiwarta ya mintsine. Ta yi gaba gaba ɗayanta kamar ƙyauren da aka cire wa hinji, sai da Baba ya tare ta da ƙirji.

Umma ta danne dariya da gefen mayafi. "Malam, ka yi mota mai kyau. Saura taya."

Ba wanda ya taya ta dariyar. Baba ya tsayar da Yaya, ya koma ya zauna a hannun kujera yana kallon aikinsa na kwana huɗu.

"Za ta iya tafiya a miƙe," ya ce can. "A hankali, taku ƙanana. Barde ai ba ya durƙusa wa kowa."

A cikin kwalkwalin akwai zafi, kuma ba ta jin komai sai numfashinta. Ta ga abin da zai faru gobe sarai. Za a turo gadon, Auta za ta ɗago hannu, farin abu zai tsaya a kanta ƙiƙam yana sheƙi. Ita ta ƙirƙiro Barden, ta kuma san bai taɓa yin haka ba a labari ko ɗaya. Ta so ta kai yatsa baki, ta tuna hannun ba zai kai ba.

"Baba, cire min hular."

Ya cire. Gumi ya jiƙe mata goshi.

"A yanke," ta ce. "Yatsu uku a gwiwa, yatsu uku a hannu. Marufin yatsun kuma a cire shi duka. Laifina ne, na san abin da shafin ya ce, na yi shiru."

"Uwata, roba in an yanke ba a mayarwa. Baƙi zai leƙo ta ko'ina, kamar motar da aka yi wa aikin ganda. Kuma za ta gane ki."

"Wataƙila."

"In ta gane fa?"

Yaya ta juya a hankali. Ta ɗauko fensir daga kan tebur da hannun da ba ya lanƙwasuwa, da ƙyar, ta miƙa masa.

Ya daɗe yana juya fensirin. Sannan ya durƙusa a gabanta, ya jera yatsunsa uku masu kanta a kan gwiwar, ya ja layi. Wannan karon bai ce kar ta motsa ba. Cewa yake, "Lanƙwasa. Miƙe. Sake lanƙwasawa. Ina yake cizo?" Tana nunawa yana ragewa. Ya bi kowane sabon baki da sanfefa, ya goga a kumatunsa kamar yadda ya saba. Marufin yatsun ne ya fi ba shi wuya. Da ya ɓalle shi, bai jefa cikin shara ba, aljihu ya sa.

Kafin la'asar ta yi sanyi Barde ya durƙusa a gaban kujerar tsuguno, ya kama hannun Umma.

Washegari da safe ta shirya a wani ɗan ɗaki kusa da na nas-nas. Aka goge sulken, ta wanke hannu har wuyansa. Barandar asibitin ta fi yadda ta sani tsawo. Robar na ƙara ƙwas-ƙwas da kowane taku, masu jinya suna juyowa, wani tsoho mai sanda ya ƙame ya sara mata. Tana jin iska na shiga ta kowace rata.

An riga an ɗora Auta a gadon turawa, an sa mata hular leda, fuskarta ta ƙanƙance. Da ta ga abin da ya shigo, sai ta daina motsi. Yaran sauran gadajen suka yi tsit.

Yaya ta matsa, ta sauke gwiwa ɗaya ƙasa. Sulken ya bi ta. Ta miƙa hannu.

Auta ta kama. Ba ta dubi kwalkwalin ba, hannun ta duba. Ta juya shi, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan faratan da aka cinye har nama. Yaya ta ji kamar ta janye, ta daure.

"Barde," in ji Auta a hankali, "kai ma kana cin farce in kana jin tsoro?"

Barde ba ya magana. Ya gyaɗa kai.

Yarinyar ta yi ɗan tunani, ta ƙara damƙe hannun. "To riƙe ni sosai. Ba nisa."

Haka suka tafi, ma'aikaci na tura gado, Barde na gefe a ɗan sunkuye, Umma da Baba na biye daga nesa. A ƙofar tiyata nas ta ce nan ne iyaka. Auta ta jawo hannun kusa da bakinta.

"Ka ce wa Yaya kar ta ba kowa ƙarshen labarin. Ina dawowa."

Ta saki da kanta. Ƙofar ta rufe.

Akwai dogon benci a jikin bango. Yaya ta juya ta zauna a kai, sulke da komai, ba abin da ya cije ta. Ba ta cire kwalkwalin ba tukuna, domin tabaran sun yi hazo, kuma ba numfashi ne ya jawo ba. Baba ya zauna kusa da ita. Can sai ta ji babban yatsansa yana bin bakin robar a gwiwar hannunta, kamar yadda yake bin ƙofar mota. Ya iso ratar, ya shige, ya taɓa hannun rigarta. Ya bar shi a nan, suka ci gaba da kallon ƙofar.