Ashirin da Shida Cikin Talatin

Shekara tara ke nan Malama tana koya wa ma'aikata yadda za su kare kwamfutocinsu daga ɓarayin intanet. Wannan karon wani kamfanin jigilar kaya ne ya ɗauke ta: kwana uku, mutum talatin, a wani ɗaki na hawa na biyu mai fanka ɗaya da ke kuka kamar za ta faɗo.

Ta yi bayani har maƙogwaronta ya bushe. Kada a danna saƙon da ba a san mai shi ba. Kada a rubuta kalmar sirri a takarda a manna a jikin kwamfuta. Suna ta gyaɗa kai, rabinsu ido na kan waya a ƙarƙashin tebur. Ranar ƙarshe aka yi jarrabawa, ashirin da tara suka ci, aka ɗauki hoto kowa da satifiket a ƙirji. Wanda ya faɗi shi ne dattijon da ke kula da sito, wanda suke kira Baba Mai Makulli. Karatu na yi masa nauyi, lokaci ya ƙare yana kan tambaya ta shida.

Bayan mako biyu, kamar yadda aka yi yarjejeniya, ta aika musu saƙon tarko don gwaji: wai sabon jadawalin hutu ya fito, a danna a sa kalmar sirri. Ta haɗa shayi ta zauna tana kallon adadin masu dannawa yana hawa. Kafin shayin ya huce, ashirin da shida sun faɗa. Uku ba su zo aiki ba ranar.

Sai wayarta ta yi ƙara.

"Malama, ni ne na sito. 'Yata, wani saƙo ya shigo, ban taɓa shi ba. Wai hutu. Mu da sai mun yi roƙo kafin a ba mu kwana ɗaya, yau hutu ne zai biyo mu da ƙafarsa?"

"Kar ka taɓa shi, Baba," ta ce. Ta so ta yi dariya, ƙarfin yin ta ne babu.

Washegari ta kai wa manajan kamfanin rahoto. Ya juya shafuka, ya tsaya a na uku, inda sunayen waɗanda suka faɗa tarkon suke.

"Malama, masu bincike za su zo ƙarshen wata. Abin da suke tambaya ɗaya ne, an yi horo ko ba a yi ba. An yi, ga hoto, ga satifiket. Cire mini wannan shafin."

"Ranka ya daɗe, sunanka ne na huɗu a ciki."

Ya yi gyaran murya. "Ai na danna ne in ga ko tarkon naki na aiki."

"Yana aiki."

Ta ƙi cirewa. Ta roƙi a ba dattijon satifiket, ya ce doka ta ce sai wanda ya ci jarrabawa. Masu bincike suka zo, suka karanta, suka rubuta layi ɗaya: a sake horo. Manaja ya kira ta da kansa ta zo ta maimaita horon, murya a sake kamar ba a yi komai ba. Ta ce to a bar Baba ya yi wa abokan aikinsa magana ko ta minti goma. Ya ce ba a barin sito babu kowa.

Da ta koma gida ta tarar da yayarta tana ninke wanki a falo, ta ba ta labari.

"To ke mene ne naki na ɓata rai? Da sun gane, da wa zai sake kiranki?"

"Yaya, aikin baban giwa fa nake yi."

"Shi ma aiki ne. Kama mini bakin zanin nan."

Ta kama, suka ninke. Sannan ta buɗe kwamfutarta, ta nemo darasin da ta koyar wancan karon, ta canza kwanan watan da ke shafin farko.