Tukunyar da Ta Ƙi Faɗuwa

"Ba zan faɗi ba," na ce wa Kuwabara-san, daraktan shirinmu.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, kamar tabaraun ne bai ji daidai ba.

"Chizuru, kowa faɗuwa yake yi. Kujera ma da tana da gwiwa da ta faɗi."

Bai yi ƙarya ba. A gidan wasanmu na Osaka, idan babban ɗan wasa ya saki barkwancinsa, duk wanda ke kan dandamali sai ya zube ƙasa, wai dariya ta kayar da shi. Faɗuwar nan ita ce gaisuwar da ake yi wa manya. Ni ma na iya ta, har na fi kowa. Digirina na adabi na ajiye a akwati, na yi shekaru ina tsayawa ni kaɗai gaban makirufo a ƙananan mashaya ina ba 'yan tsiraru dariya, kafin a ɗauke ni a shirin Asabar da ake nunawa a talabijin. Aka ba ni matsayin yarinyar shagon taliya. Na faɗi ta baya, na faɗi ta gefe, na faɗi da tire a hannu romo bai zube ba. Gwiwoyina har kanta suka yi.

Matsalar ita ce sabon barkwancin Maigida Tatsugoro, tauraron gidan tun kafin a haife ni. Zai shigo shago, ya ƙura wa fuskata ido, ya ce, "Wa ya sa wa tukunyar shinkafa riga?" Ni kuma in faɗi. Wato na yarda kenan.

"In ya zagi taliyar, zan faɗi," na ce. "In ya zagi takalmina, zan faɗi sau biyu. Amma fuskar nan ta uwata ce, kuma duk Asabar tana gaban talabijin."

"In kika tsaya, wannan ce Asabar ɗinki ta ƙarshe."

A ɗakin kwalliya na tarar da Yaya Fusae, wadda ke fitowa a matsayin mai shagon, ita ce ta koya mini faɗuwa.

"Ke 'yar boko," ta ce tana shafa hoda, "ni tun ina budurwa ake kirana buhun dankali, kuma da shi na aurar da 'yata. Ki faɗi ki tashi, ƙasa ba ta cizo."

"Yaya, ke ai buhun ne ya yi kama da ke."

Ta jefe ni da silifa, muka yi dariya har hodarta ta tsage.

Aka ɗaga labule, gida ya cika maƙil, kyamarori na aiki. Maigida ya shigo yana jan ƙafa, ya kalle ni, ya saki maganar. Rim! Kowa ya zube. Ni ina tsaye da kwanon taliya.

Can wata tsohuwa a layin gaba ta kwashe da dariya. Maigida ya ɗauka ban ji ba, ya maimaita da ƙarfi. 'Yan wasan da suka fara tashi suna kakkaɓe wando suka sake zubewa. Dariya ta ƙaru. Daga ƙasa Yaya Fusae ta ja mini riga.

"Ki faɗi, ja'ira, ƙuguna ya gaji!"

Maigida ya matso har ina jin warin man gashinsa, ya saki maganar karo na uku, jijiyar wuyansa a miƙe. Ban shirya komai ba, bakina ne ya buɗe da kansa.

"Tukunya ba ta faɗuwa, Maigida. Shinkafa za ta zube."

Kamar rufin zai faɗo. Mutane na dukan kujeru, tsohuwar nan na share hawaye da jakarta. 'Yan wasan sun sake miƙewa ke nan, sai kawai na ji rim a bayana. Yaya Fusae ce, jikinta ya riga tunaninta: ta ji barkwanci ya shiga, ta faɗi. Sauran suka bi ta kamar an sare ayaba. Sun faɗi don maganar ƙaramar yarinya, abin da ba a yi wa kowa sai babba. Mu biyu kaɗai muka rage a tsaye, ni da Maigida, muna kallon juna. Dariya ta kama ni, kwanon na rawa a hannuna, na kasa tsayar da ita. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma har yau in na tuna sai na ƙyalƙyale a cikin jirgin ƙasa, mutane su matsa.

An yanke wurin kafin a nuna shirin, don haka uwata ba ta gani ba. Kuwabara-san ya cika alkawarinsa. Na koma makirufo, ina wasa a ƙofar manyan kantuna da gidajen wankan ruwan zafi, wani lokaci masu sauraro duk suna barci. Sai da Maigida ya yi ritaya wata tashar talabijin ta kira ni na fito a matsayin nas mai baƙar magana, kuma yanzu ana gane ni a hanya.

Da za a sake, da na sake tsayawa. Amma tsayuwar ta ci mini shekara shida ba talabijin. Yaya Fusae kuwa, don ita ta fara faɗuwa, aka karɓe mata shagon taliyar aka ba wata, kuma tun daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba.