Ƙullin Wayar Jirgin Sabo

Shekara ashirin ina ajiye da guntuwar waya a gwangwanin madara, bayan akwatin kayan aikina a Ƙofar Nassarawa. Ba ta kai tsawon yatsa ba. Duk zafin Kano, in na taɓa ta sai na ji danshi, kuma ranar da na buɗe gwangwanin shagon kan wuni yana ƙarnin ruwa.

Ni Tanko, wayarin mota na iya, kuma a lokacin bakina ya fi hannuna aiki. Shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, ƙanena Sabo ya sayi tsohon kwale-kwale mai inji, yana ƙetarar da mutane a Dam ɗin Tiga. Wayar kwayil, mai ba injin wuta, ta tsinke, ya zo ya ɗauke ni. Na fere ta da haƙori, na murɗa bakin biyu wuri guda, na naɗe da salatif, yadda muke yi wa kowace tasi a garin nan. Har na ce masa sai dai jirgin ya mutu ya bar ƙullin nan. Mutumin da bai san ruwan da ya wuce kududdufin Yakasai ba, wai shi ne yake ba da tabbaci a kan dam.

Da damina injin ya mutu a tsakiyar ruwa, iska ta taso, jirgin ya kife. Ba fasinja ranar, Sabo ne kaɗai. Kowa ya ce iska ce. Da aka jawo jirgin na warware salatif ɗin, na tarar jan ƙarfen ya zama kore, yana marmashewa kamar garin kuka. Na yanke, na sa a aljihu, na koma wajen makoki ina karɓar gaisuwa.

Bana, da soja suka sake komawa bariki, sai ga Asibi matar marigayin a shagona, tare da ɗansu Nata'ala wanda aka bari a goye, yanzu har da gemu. Ya sayi inji, zai kama sana'ar ubansa, suna so in haɗa masa wayoyin. Na yi faɗa, na kawo dalilai, na ce akwai masu aikin a Tiga. Asibi ta ce hannuna kaɗai ta yarda da shi.

Kwana uku na yi a kan aikin da a da nake gamawa kafin shayi ya huce. Na zaga kasuwa har na samo waya mai rufin dalma. Kowane haɗi na matse shi da filaya, na narka masa dalma, na sa robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, na cika bakin da giris don kada danshi ya sami hanya. Ina yi ina jin wani tsaye a bayana, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Ban waiwaya ba, tsoro nake ji.

Ranar da suka zo ɗauka, Asibi ta zauna a benci tana yaba aikin. Ta ce makonni kafin rasuwar injin ya yi ta shaƙewa, Sabo ya ciro shi ya kawo gida. Ya canza fulogi, ya wanke kafireto sau biyu, ya kwance duk abin da ke kwantuwa.

"Har na ce masa, wannan baƙin ƙullin fa?" in ji ta. "Ya yi dariya, ya ce wannan ba sai an duba ba, aikin Yaya ne."

Murmushi take yi, don ta ɗauka daɗi zan ji. Na ɗauko gwangwanin, na zazzage wayar a tafin hannun Nata'ala, na gaya musu daga inda na yanko ta da abin da ta yi. Asibi ta daɗe tana kallon koren nan, sannan ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Na ce wa Nata'ala, "Duk Juma'a ka buɗe murfin injin, ka duba kowane haɗi. Ka fara da wanda na yi."