Tartsatsi a Garejin Chen

Baba ya zo wurina a Guangzhou ta ƙasar China ne don a duba masa ido, domin ya daina gani, kuma sai da muka sha fama kafin ya yarda ya hau jirgi. Cewa yake idon ya riga ya mutu, mu bar wahalar da kanmu. Likitan da na samu a unguwar Tianhe ya ce in dai idon na iya ganin haske, to akwai aikin yi.

Ni kuma da rawar kai, ranar da za mu je asibiti na sa aka wanke tsohuwar motata har cikin inji, yadda muke yi a Kano, inda rana ke busar da komai nan take. Na manta a garin nan riga ma sai ta kwana a igiya ba ta bushe ba. Muna barin unguwarmu ta Dengfeng inji ya fara rawa, mota na fizga kamar mai shaƙuwa.

"Fistin ɗaya ba ya cin wuta," in ji Baba, wanda ya tsufa yana tuƙin tirela. "Mas'udu, mu koma gida kawai. Allah bai nufa ba."

Raina ya ɓaci, domin na san in ya koma, ko da igiya ba mai sake fito da shi. Na lallaɓa motar zuwa garejin Chen, wani dattijon makanike da na saba da shi.

Chen ya buɗe bonet, ya ga ruwa kwance gefen fulogi, ya dube ni ya girgiza kai. "Laoban," ya ce kawai, wato maigida. Da hannu ya nuna in bar injin a kunne. Sai ya ja ƙofar garejin ƙasa, ya kashe fitila, wuri ya yi duhu ƙirin.

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Daga wata wayar fulogi da ta tsage, wuta shuɗiya na tsalle zuwa jikin inji, tas, tas, tas. Ashe wutar da ya kamata ta shiga fistin ce ke gudu ta nan, hasken rana ya ɓoye ta. Tsigar jikina ta tashi.

Sai na ji hannun Baba ya damƙi kafaɗata.

"Mas'udu," ya ce a hankali, "shuɗi ne, ko?"

"Shuɗi ne, Baba."

Sai ya ce, "Ce masa ya yi sauri ya canja wayar. Kada likita ya tashi."