Sakan Arba'in da Shida

Aikina a majalisa buga ƙararrawa ne. Idan dangin maigidana suka tambaya, cewa nake yi ni mataimakiyar akawun kwamitin walwalar jama'a ce, kuma ba ƙarya na yi ba, haka aka rubuta a katin da nake ratayawa a wuya. Amma ranar da minista ya zo amsa tambayoyi, abin da ke gabana bai wuce agogon ƙidaya da na'urar ɗaukar magana da wata 'yar ƙararrawar tebur da ake dannawa da tafin hannu ba. Kowane ɗan majalisa minti biyar ne rabonsa. A cikinsu zai yi tambaya, a cikinsu minista zai ba da amsa. Da sun cika in danna, a wuce kan na gaba. Washegari in sa abin saurare a kunne, in buga duk abin da aka faɗa a kundin zama. Abin da ya shiga kundi shi ne aka faɗa. Wanda bai shiga ba, ko da kunnenka ka ji shi, a wurin majalisa ba a yi shi ba.

Shekara tara ina wannan aiki, na ga ministoci iri-iri, amma ban ga gwanin cinye minti biyar irin ministan walwala na yanzu ba. Zai gode wa shugaban kwamiti, ya gode wa mai tambaya, ya yaba da kishinsa, ya tuna wa kowa cewa shi ma ɗan talakawa ne. Sai ya cire tabarau ya goge. Sai ya nemi shafin da ake magana a kai, a miƙo masa wanda ba shi ba. Na taɓa ƙidaya masa, buɗe gorar ruwa da kurɓa da mayar da murfi kaɗai sakan ashirin da biyu ne. A bayansa kullum akwai wani jami'i siriri da muke kira Mai Raɗa, don ba wanda ya taɓa jin muryarsa sai kunnen minista. Da can abin dariya yake ba ni. A bana ya daina.

'Yata Auta shekararta tara, kuma ba ta ji tun wani zazzaɓi da ta yi tana 'yar shekara biyu. Makarantar kurame guda ce a garin, tana can ɗaya gefen, sai an shiga mota biyu. A can ta koyi maganar hannu, a can ta yi ƙawaye, a can ta daina cizon mutane idan ba a gane abin da take nufi ba. Motar makarantar ce ke ɗaukarta a bakin layinmu, wata tsohuwar bas da sai an tura, har ta mutu murus a farkon zangon karatu. Abin da ke ci mini rai shi ne bara wannan kwamitin namu ya amince a sayo sabbin motoci shida don makarantun yara masu buƙata ta musamman. Ni na buga shi da yatsuna, a shafi na sha bakwai. Har yau ko tayar motar ba wanda ya gani.

Mun yi iya yinmu. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya. Ni kuwa ƙarfe takwas ake ɗauke rajistar shiga ofis. Ƙanwata ta kai ta na sati uku, har cikinta ya tsufa na ce ta huta. Na ɗauki mai tasi, ya yi kwana goma ya ce hanyar ta yi masa nisa. Ita kaɗai kuma ba ta zuwa, yarinyar da ba ta jin hon ba a sake ta a titi. Sai ga wasiƙa daga shugabar makaranta, cikin ladabi da ban haƙuri: duk yaron da ya yi fashin kwana arba'in za a cire sunansa, domin yara sun fi ɗari suna jiran gurbi. Ranar da wasiƙar ta zo Auta tana da talatin da ɗaya.

Duk safiya sai ta sa kayan makarantarta, ta goya jaka, ta tsaya a taga. Ta juyo ta yi mini alamar mota, hannu biyu a kan sitiyari, ta ɗaga gira. Ni kuma in yi mata alamar gobe.

A cikin 'yan kwamitin akwai wata dattijuwa da ta yi shekara talatin tana koyarwa kafin ta shiga siyasa. Mai Jan Biro ake ce mata, domin duk takardar gwamnati da ta faɗo hannunta sai ta fito da jan zane kamar jarrabawar daƙiƙin ɗalibi. An hana ma'aikata irinmu kai wa 'yan majalisa ƙorafin gida, na san haka sarai. Amma da nake rarraba takardun zaman Talata, sai na cusa kwafin wasiƙar a cikin nata fayil, daidai kan shafi na sha bakwai. Ban sa suna ba.

Talata aka cika ɗakin. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokitin da aka tara mata tun bara, 'yan jarida sun jeru a bencin baya, an ajiye wa kowa gorar ruwa. Ɗan majalisa na farko ya yi tambaya kan hanyar garinsu, wadda ko kusa ba aikin wannan ma'aikata ba ce. Na biyu ya ƙare minti biyar ɗinsa yana yabon minista, har sai da ministan ya ji kunya. Na uku yana tsakiyar magana wayarsa ta yi ƙara, ya fita bai dawo ba. Ina dannawa, ina sake saita agogo. Mai Jan Biro ce ta bakwai.

Ba ta gaida kowa ba. Cikin sakan talatin ta gama: an ware kuɗin motoci shida, ga shafin, ga wasiƙar wata makaranta da ke shirin korar yara saboda rashin mota, ina motocin suke?

Minista ya yi murmushi ya kama sana'arsa. Ya ce tambayar ta taɓa masa zuciya. Ya ce shi ma malamai ne suka raine shi. Ya goge tabarau. Ya karanto adadin makarantun da aka yi wa fenti, da tarukan da aka yi, da wani kwamiti da aka kafa don duba rahoton wani kwamitin. Ina kallon agogo yana cin minti na uku, na huɗu, kamar wuta ta kama zanina ina zaune. Mai Jan Biro ta ƙwanƙwasa tebur da bironta.

"Mai girma minista, ban tambaye ka fenti ba. An sayi motocin, ko ba a saya ba?"

Ya ce yana zuwa nan. Ya miƙa hannu baya a ba shi wata takarda, sai Mai Raɗa ya duƙa yana tonon jaka, takardun suka zube masa a ƙasa. A daidai nan agogo ya cika minti biyar.

Ƙa'idar ita ce, tambayar da ƙararrawa ta katse kafin a amsa ta, ana sa ta a jerin waɗanda ma'aikata za ta amsa a rubuce. Ni ce mai karɓar waɗannan amsoshi. Sai bayan wata uku ko huɗu suke zuwa, layi biyu, wai ana duba lamarin. Auta kuwa kwana tara suka rage mata. Hannuna yana kan ƙararrawa, na ɗaga kai, sai muka haɗa ido da minista. Ni yake kallo. Ashe duk shekarun nan ya san inda nake zama, ya san ni ce ke fitar da shi. Romon bakinsa ya ƙare, mai yi masa raɗa yana ƙarƙashin kujera, ni kaɗai yake jira. Wani irin baƙin ciki ya taso mini, na janye hannuna na ɗora a cinya.

 Minista ya ɗauki gorar ruwa, ya tarar ya shanye. Ya sake kallona. Mai Jan Biro ta ce tana saurare. Sai ga shi, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san shi da ita ba, yana cewa an saki kuɗin tun watan uku, amma an ɗan karkatar da su zuwa gyaran hedikwatar ma'aikata da motocin rakiyar manyan jami'ai, da niyyar a mayar idan hali ya yi. Bencin baya ya ɗauki guna-guni, birona ma sai da ya faɗi. Shekara tara, ranar na fara jin minista ya amsa abin da aka tambaye shi.

Murnar ba ta yi nisa ba. Mai Raɗa ya miƙe riƙe da wayarsa, ashe shi ma ƙidaya yake yi. Ya nuna wa wani ɗan majalisa na ɓangaren gwamnati, wannan ya ɗaga hannu ya ce an saɓa ƙa'ida. Shugaban kwamiti ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Akawu, nawa agogonki ya nuna?"

Agogon yana gabana, fuskarsa a sama, kowa na kusa yana gani. Na ce, "Minti biyar da sakan arba'in da shida, ranka ya daɗe."

Nan take ya yanke hukunci. Duk abin da aka faɗa bayan cikar minti biyar ba ya cikin zama, a share shi daga kundi. Ya tunatar da 'yan jarida cewa wanda ya buga abin da ba ya kundi, katinsa na shiga majalisa ne zai tafi. Mai Jan Biro ta miƙe ta ce to a sa tambayar a jerin amsa a rubuce. Shugaba ya buɗe littafin ƙa'idoji ya karanta mata: tambayar da ƙararrawa ta katse ita ke shiga jeri, wannan kuwa ƙararrawa ba ta katse ta ba, tunda ba a buga ba. Ta yi ta musu har muryarta ta dushe, ya yi kunnen uwar shegu da ita, ya kira na takwas. Na takwas ya tambayi minista yaushe zai kawo ziyara mazaɓarsa.

A baranda Mai Jan Biro ta tare ni bayan an tashi. Na zaci faɗa za ta yi, na ma fi son ta yi.

"'Yata, da kin danna, da yanzu ina da tambaya a rubuce da zan riƙa tayar musu da ita duk mako har su gaji."

Na ce, "Mama, kwana tara suka rage."

"Na sani," in ji ta. "Na karanta wasiƙar. Na kuma san wanda ya sa ta."

Ta dafa kafaɗata ta wuce, ta bar ni tsaye sororo da ƙararrawa a hannu.

Washegari babban akawu ya ba ni takardar tuhuma, ya ce in amsa cikin awa ashirin da huɗu. Ni awa ashirin da huɗu, ma'aikata wata huɗu. Sannan ya ce in gama kundin jiya kafin a tashi. Na sa abin saurare na kunna wurin sau uku, ina jin muryar minista tar, har da ƙarar ɗigar ruwa a bokiti. Na buga maganar duka don in gan ta a rubuce ko sau ɗaya, na zauna ina kallonta, sannan na goge da hannuna. A kundi, amsar minista ta tsaya a kan "ina zuwa nan." Jarida ɗaya ce ta yi ƙarfin halin cewa an yi 'yar hayaniya a kwamiti.

Cikin mako guda aka kafa sabon agogon lantarki a bangon ɗakin, mai jan lambobi, wanda ke kashe abin magana da kansa idan minti biyar ta cika. Ba a jira kasafi ba, ba a kafa kwamiti ba. Ni kuma aka mayar da ni ɗakin ajiyar fayil, aka jefa ƙararrawar a durowa.

Bayan kwanakin sun cika, wasiƙa ta biyu daga makaranta ta zo ranar Litinin, gajeriya, an ba wani yaro gurbin. Na ɓoye ta a jakata ban gaya wa kowa ba. Da safe na fito na tarar da Auta a taga, ta sa kayanta, ta goya jaka. Ta yi mini alamar mota. Na yi mata alamar babu. Sai ta yi alamar gobe da kanta, ta ɗaga gira tana jira.

Na durƙusa na kama gyara mata wuyan riga, wanda ba abin da ya same shi. Na kwance igiyar takalminta na sake ɗaurewa. Na tambaye ta ko ta ƙoshi, ko in ƙaro mata ruwa a gora. Ina cikin buɗe murfin gorar na gane sana'ar minista nake yi, kunya da haushi suka rufe ni lokaci guda. Auta ta karɓe gorar ta ajiye a ƙasa. Ta kamo hannuwana biyu ta ɗaga su daidai fuskarta, inda take ganin magana, ta riƙe su gam. Ba ta da niyyar saki sai na amsa.