Zuman Baba

Ƙanena ya ce a cire sarauniyoyin amyoyinmu, a sayo sabon iri mai yawan zuma. Na ƙi. Waɗannan jinin ƙudajen Baba ne.

"Yaya, na Baba sun mutu tun shekarar ambaliya," in ji shi. "Waɗannan 'yan ci-rani ne, sun tarar da gida babu kowa suka shige."

Na ce in ya tabbata haka ne, ya cire. Na faɗa a gaban mutane, ba janyewa.

Jikata tana aiki a ɗakin binciken ƙwari. A gida Likitar Ƙwaro muke ce mata. Ta ce a cikin naman kowane ƙuda akwai wasu 'yan buhuna masu ba shi ƙarfi, mitokondiriya, kuma a ciki akwai rubutun gado da uwa kaɗai ke ba 'ya'yanta. Amma sai an sami ƙudan zamanin Baba a gwada.

Akwai curin kakin zuman da Baba ya narka da hannunsa, a gwangwani. Bai iya tacewa ba, Allah ya jiƙansa. Ƙafafuwa da fukafukai duk suna ciki. Ta ɗiba, ta kama ƙudajenmu, ta kama na maƙwabta.

Da ta kira mu, muka je. Ɗaki fari, sanyi kamar cikin firiji, injuna na gurnani. Ta sa mana fararen riguna. Ta ƙanena ta ƙi rufe tumbinsa.

A fuskar kwamfuta ga wani abu kamar igiya mai lanƙwasa da ƙulli.

"Kaka, wannan sashen shi ke ƙera injin da ke gina jikin ƙuda. Kusan iri ɗaya ne a kowa. Amma dubi wannan lanƙwasar. Ta maƙwabta gajera ce. Ta cikin kakin doguwa."

"Tamu fa?"

"Sai ka yi murmushi tukuna."

"Yarinya, zan tashi."

Ta danna. Doguwa.

Ƙanena ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashin. Ya daɗe. Ya share ido da hannun rigar mutane.

"Shi ya sa suke da baƙar zuciya," ya ce. "Halin gidan ne."

Dariya ta ƙwace mini, har wani mai aiki ya leƙo.

Da muka koma, ƙanena ya kunna hayaƙi, ya ce a raba babbar amya biyu. Yana son ɗaya a bayan ɗakinsa.