Tarun da Ya Ƙi Bushewa

Harira ta tsallake igiyar tarun da bokitin wanki a hannu, sai ta ji sanyin ruwa a tafin ƙafarta. Kwana uku ke nan tarun yana shimfiɗe a tsakar gidansu na Badarawa, ga rana irin ta watan Maris, amma kusurwa ɗaya ta ƙi bushewa.

Yayanta Balarabe ne ya kawo shi. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana buga hatimi a ofis, ko tarwaɗa bai taɓa kamawa ba, yana yin ritaya ya ce shi fa sana'ar kamun kifi zai shiga. Ya tafi Shiroro ya sayo tsohon taru, irin wanda sai mutum goma ke ja, ya zauna yana ɗinke ɓarakarsa kafin ya samu kwalekwale.

"Yaya, nan wajen har yanzu ɗiga yake yi."

"Tsohon zare ne, yana riƙe ruwa," in ji Balarabe, bai ɗago kai ba. "Dubi dabarar masunta. Igiyar ƙasa dalma, don ta nutse. Ta sama kuma tsofaffin silifas suke yankawa su ɗaura, don ta yi iyo. Duk abin da kogin nan namu ya kwasa, can Shiroro yake kai musu."

Harira ta ajiye bokitin. Wata bakwai ke nan da mijinta Maliki ya tafi gonarsa a ƙetaren kogi ta Rafin Guza, ranar da ruwa ya cika, bai dawo ba. Silifas ɗinsa ƙafa ɗaya aka tsinta a gaɓa. Dangi sun yi ta fama da ita ta shiga takaba, ta ce ita ba ta ga gawa ba. Kullum da la'asar sai ta zuba masa tuwo ta rufe.

Ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar kusurwar, ta bi guntayen robar ɗaya bayan ɗaya: ja, baƙi, kore, duk a bushe ƙayau. Na bakwai shuɗi ne, ɓangaren diddige, ruwa na tsattsafowa daga jikinsa kamar sabuwar randa. Ta juya shi. Huda uku a jere. Ita ta yi su da hannunta, da ƙusar da ta gasa a murhu, saboda yawan musanya masa takalmi da ake yi a masallaci.

Ta shiga ɗaki, ta jawo ledar da ke ƙarƙashin gado. Wata bakwai ɗaya ƙafar tana ciki a bushe. Yau ledar ta yi nauyi, da ta buɗe kuma sai ƙarnin kogi ya bugi hancinta. Tsoro ya kama ta, amma kewar Maliki ta fi tsoron yawa.

Ta fito ta ajiye takalmin kusa da guntun. Balarabe ya dubi hudojin nan shida, allurar ta suɓuce daga hannunsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Harira, wallahi ban sani ba."

"Ba ni wuƙar nan, Yaya."

Ta yanke zaren, ta haɗa su biyun a gefen zaninta, ruwa na bin ƙafarta.

"Ka je ka gaya wa liman a yi masa salla. Yau zan shiga takaba."

Da la'asar Balarabe ya dawo daga masallaci, ya taɓa kusurwar tarun. Ta bushe ƙayau. Harira tana bakin murhu, ta ɗauko kwanon Maliki kamar kullum, ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta kife shi.